Da A Ce Girkawa Sun Yada Zango A Gindin Dutsen Zuma

'Yan uwa, yau za mu taɓa wani fanni na tarihi da ake kira tarihin "da a ce". A ɗauki abin da ya faru da gaske, a sauya masa hanya a wuri guda, sannan a bi sawu a ga inda zai ɓulla. Tambayarmu ita ce: da a ce Girkawan dauri, waɗanda malamanmu ke kira Yunanawa, sun ƙetaro Sahara sun kafa gari a wannan yanki namu na Suleja, me zai faru?

Girkawa dai sun kafa garuruwa a Afirka, kuma mafi shahara shi ne Kirini, wanda kufansa ke kusa da garin Shahhat a Jabalul Akhdar, gabashin Libiya. An kafa shi wajen shekara ta 631 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masanin tarihinsu, Hirodotas, ya ce mutanen sun fito ne daga tsibirin Tera, inda aka yi shekara 7 ana fari. Sai aka jefa ƙuri'a aka zaɓi waɗanda za su tashi, aka ba su jiragen ruwa 2 da wani jagora mai suna Battas. Da abin ya yi musu tsanani suka juya gida, amma 'yan uwansu suka yi ta jifan su, suka hana su sauka. Dole suka koma. Sun yi shekara 2 a wani ɗan tsibiri, suka yi 6 a gaɓar teku, kafin 'yan ƙasar Libiya su ja su zuwa wani tudu mai idon ruwa da yawan damina, su ce musu ga wurin zama.

Garin ya bunƙasa. Ya yi suna da dawaki, da alkama, da wani tsiro mai suna silfiyam da ake magani da girki da shi, wanda har hotonsa suka buga a kuɗinsu. A can aka haifi Iratostinis, mutumin da ya auna kewayen duniya da inuwar rana fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Daga baya ƙasar ta faɗa hannun Rumawa a shekara ta 96 kafin haihuwar Annabi Isa, har zuwa wajen shekara ta 643 da rundunar Amru ɗan Asi ta iso Barƙa.

Ko sun san akwai mutane a bayan yashi? Sun ji ƙishin-ƙishin. Hirodotas ya ce daga bakin mutanen Kirini ya ji labarin wasu samari 5 'yan Libiya, na ƙabilar Nasamon, da suka kutsa cikin hamada. Bayan kwanaki masu yawa wasu gajerun mutane suka kama su, suka ratsa fadamu da su zuwa wani gari na baƙar fata, a bakin babban kogi mai kadoji da ke gudu daga yamma zuwa gabas. Shi ya ɗauka Nilu ne. Wasu masana na baya sun ce mai yiwuwa Kwara ce. A nan sanin Girkawa ya tsaya.

Yanzu mu karkata hanya. Wajen shekara ta 560 kafin haihuwar Annabi Isa, rikicin gida ya ɓarke a Kirini, 'yan uwan sarki suka yi fushi suka fita da jama'arsu suka kafa Barƙa. Wannan ya faru. Mu ƙaddara a ce maimakon su tsaya kusa, kudu suka nufa: su bi Fezzan ƙasar Garamantawa, su sauko Kawar inda Bilma take, su iso Tafkin Chadi, jikokinsu su ci gaba har su hango Dutsen Zuma. Tsakanin Kirini da Suleja akwai kimanin kilomita 3,000 a miƙe. A lokacin raƙumi bai zama abin hawan Sahara ba, sai bayan ƙarnoni. Da shanu da jakuna da kekunan doki za su yi tafiyar, don haka kaɗan ne za su iso.

Waɗanda suka iso ba daji za su tarar ba. A Taruga, kudu maso gabas da Abuja ta yau, Bernard Fagg ya tono murahun narkar da tama a shekarun 1960, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 2,400 ko fiye. Mutanen wannan zamani su ne masana ke kira al'ummar Nok, da sunan ƙauyen da ke kudancin Kaduna inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta Jamus ta fara a 2005 ya nuna al'ummar ta faro tun wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gero ne babban abincinta, tana haɗawa da wake. Ke nan Bagirke da zai iso da mashinsa na ƙarfe, zai shigo ƙasar da manomanta suka daɗe da zama, wadda maƙeranta ke gab da kunna zugazugi ko ma sun riga sun kunna, kuma maginanta sun ƙware a gasa yumɓu.

Daga nan wahala za ta fara. Rayuwar Bagirke ta dogara ne a kan alkama da sha'ir, da zaitun, da inabi, da teku. Kirini ta rayu domin yanayin tudunta ya yi kama da na gida: ruwa da hunturu, rani a bushe, jirage na kai da kawowa zuwa Karita da Atina. A nan kuwa ruwa da zafi yake zuwa. Zaitun ba zai yi 'ya'ya ba, irin alkamar da suka riƙo zai ruɓe a damina ta farko. Dawakinsu ƙudan tsando zai sa musu sammore. Babu jirgin da zai kawo musu ƙarin mutane ko ya kwashi hajarsu.

Sai kuma sauro. A nan ba ma buƙatar ƙiyasi, domin an gwada. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa 3 cikin Kwara, aka sayi fili a Lakwaja domin kafa gonar gwaji. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da su, Turawa fiye da 40 suka mutu, gonar ta watse a shekarar da ta biyo. Sai a 1854, da Dokta Baikie ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, aka shiga kogin aka fito ba tare da asarar rai ba. Idan haka ta faru da masu jirgin tururi da likitoci, sai a auna abin da zai sami wanda ya zo da jaki shekara 2,400 kafin su.

Hanyar tsira ɗaya ce za ta rage musu: su nemi izinin zama wajen masu ƙasa, su koyi noman gero, su auri 'ya'yan gari. Ko a Kirini haka aka yi, domin Hirodotas ya lura matan garin ba sa cin naman saniya, kamar yadda matan Libiya ba sa ci. Yaro kuwa harshen uwarsa yake fara ji. Bayan jikoki 3 ko 4, abin da zai saura bai wuce sunan wata unguwa ba, ko wani zane a wuyan tulu, ko tatsuniyar wasu jajayen baƙi da suka zo daga arewa.

Abu guda da za su iya kawowa wanda zai sauya lissafi shi ne rubutu. Da haruffansu sun kama, da yau mun san sunan da mutanen Nok ke kiran kansu, da sunayen sarakunansu. Sai dai rubutu ba ya rayuwa sai da mai buƙatarsa: fada mai karɓar haraji, ko fatake masu lissafin bashi, ko makaranta mai littafi. Shi ya sa bai zauna a ƙasar Hausa ba sai da Musulunci da kasuwancin Sahara suka zo da shi. Abin sha'awa, a cikin wannan ayarin ne Girkanci ya iso mana ba tare da Bagirke ko ɗaya ba. Kalmar alƙalami daga Larabci muka aro, Larabawa kuma masana sun ce daga kalmar Girkanci ta kara suka samo ta. Haka dirhami, daga sunan kuɗin Girkawa. Haka daftari, daga kalmarsu ta fatar da ake rubutu a kai. Duk almajirin da ya fere alƙalami a Suleja yana riƙe da ɗan guntun wannan tarihi.

Akwai dalilin da ya sa ya kamata mu yi hattara da irin wannan tunani. A 1910 wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya ga kan tagulla a Ile-Ife, kyansa ya ba shi mamaki, sai ya yanke cewa ba aikin baƙar fata ba ne, ragowar wata tsohuwar daula ce da ta zo daga Bahar Rum, har ya danganta shi da abin bautar teku na Girkawa. Bincike ya tabbatar Yarabawan Ife ne suka yi abinsu. Cutar ba ta bar mu ba: har yau da yawanmu ba ma jin asalinmu ya yi daraja sai an ce daga wata ƙasa mai nisa kakanmu ya zo. Alhali tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, daga hannun matan Gbagyi ta gaje su, kuma Michael Cardew da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin nan a farkon shekarun 1950 ya tarar da sana'ar da ranta.

Amma inda labarin Kirini ya fi taɓa mu shi ne batun ƙasa. Mu ma garinmu na waɗanda aka hana komawa gida ne. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, ya fake a Zuba wajen Koro, ya rasu a yaƙin Lapai a 1825. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, a tsakiyar Gbagyi da Koro da sauran masu ƙasa, zaman da aka yi shi wani lokaci da amana, wani lokaci da takobi. A Kirini zaman lafiya ya ɗore kusan shekara 60, har sai da Sarki Battas na biyu ya gayyato sababbin baƙi daga ko'ina a Girka, ya yanka musu filayen 'yan Libiya. Sarkinsu Adikran ya kai kuka wajen Fir'aunan Masar, aka gwabza yaƙi wajen shekara ta 570, kuma amanar farko ba ta dawo ba.

Mu a nan mun ɗanɗana gefen biyu. Mun zo baƙi a 1828. A 1976 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanki ƙasa mai yawa daga masarautar nan domin sabon babban birnin tarayya, har sunan Abuja ya tafi da ita, garin ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga nan jama'a ke kwararowa daga kowace kusurwa, gonaki na zama fulotai, kuma tambayar da ta rikita Kirini tana ƙofar gidanmu: wa ya ba da filin, wa aka tambaya, wa aka biya?

Dattawan da suka ga Abuja ta zama Suleja suna nan da ransu, a unguwanninmu da ƙauyukan Gbagyi da Koro. Mutanen Nok ba su bar mana ko sunansu ba saboda ba wanda ya rubuta. Mu muna da alƙalami, muna da waya mai ɗaukar murya. Duk wanda yake da tsoho a gida, ya zauna da shi kafin lokaci ya ƙure.