Daga Salem zuwa ƙauyen kakata: wa ya ga kurwar da aka ce an kama?

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. A wannan zangon karatu aka ba mu wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller. Na buɗe shi don jarrabawa kawai, amma kafin na kai rabi sai fuskar wata tsohuwa a ƙauyen kakata, tsakanin Gwarzo da Kabo, ta dawo min.

2/ Tarihin tukuna. A 1692, a garin Salem na Massachusetts, cikin ƙasar da ta zama Amurka daga baya, akwai Kiristoci 'yan Furitan, masu tsananin riƙo da addini, waɗanda asalinsu daga Ingila suka yi ƙaura. A gidan limamin cocinsu, Samuel Parris, abin ya fara.

3/ 'Yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar ɗan'uwansa Abigail Williams mai 11 suka fara faɗuwa suna ihu suna murɗewa. Likita ya rasa gane ciwon, aka ce ai maita ce. Aka matsa wa yaran: wa ke cin ku? Suka ambaci mutum uku.

4/ Ku lura da su waye ukun. Tituba, baiwa ce a gidan. Sarah Good, mabaraciya. Sarah Osborne, mai jinya da ta daina zuwa coci. Duk cikinsu ba mai gatan da zai tsaya mata. Da irinsu ake farawa, daga baya wutar ta ci har manya.

5/ Kafin ƙura ta lafa an zargi mutum sama da 200. An rataye 19, mata 14 da maza 5. Wani tsoho, Giles Corey, ya ƙi amsa tuhuma a kotu, aka riƙa jibga masa duwatsu a ƙirji har ya cika. Wasu kuma a kurkuku suka mutu.

6/ Da wace hujja? Nan ne gizo ke saƙar. Kotun ta yarda yarinya ta ce: ga inuwar wance nan ta shigo tana shaƙe ni. Alƙali bai gani ba, 'yan kallo ba su gani ba, ita kaɗai ke gani. To ta yaya za ka kare kanka daga abin da ba wanda zai iya dubawa?

7/ Ko kana gona a lokacin, ko mutum goma sun shaida, ba zai fisshe ka ba. Za a ce jikinka ne a gona, inuwarka kuwa tana can tana aiki. Bahaushe ya san wannan lissafin sarai. Ai mu ma cewa ake maye kurwa yake kamawa, ba sai ya taɓa jikinka ba.

8/ Miller ya rubuta wasan a 1953, kuma ya taɓa tarihin. Ya mai da Abigail budurwa 'yar 17, ya rage wa manomi John Proctor shekaru, ya ƙirƙiri wata alaƙa ta ɓoye a tsakaninsu. A zahiri Proctor ya kai kusan 60. Don haka wasa ne fa, kada a ɗauke shi kundin tarihi.

9/ Amma ya kama abu ɗaya daidai: tarkon amsa laifi. A Salem waɗanda suka ce eh, mu mayu ne, suka kuma ambaci wasu, ba su aka rataye ba. Masu cewa ba mu yi ba, irin su Rebecca Nurse mai shekara 71, su igiya ta ci. Ƙarya ce ke tsirar da rai.

10/ Shi ya sa ƙarshen wasan ke da nauyi. An ba Proctor takarda ya sa hannu ya tsira. Ya sa. Da ya ji za a manna ta a ƙofar coci kowa ya gani, kuma da ita za a tabbatar da laifin sauran, sai ya yage ta. Ya gwammace igiya da ya bar wa 'ya'yansa suna mai tabo.

11/ Akwai kuma mataimakin gwamna Danforth. Ba mahaukaci ba ne, mai ilimi ne, a natse yake. An roƙe shi ya ɗaga rataya ya ƙi, don an riga an kashe wasu, tsayawa yanzu kamar amsa kuskure ne. Wannan ya fi ihun yaran ba ni tsoro: babba da ke gudun kunya.

12/ Yanzu mu dawo gida. Ina aji biyar a firamare na je hutu wurin kakata. Wani yaro a unguwar ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana sambatu, sai ya ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna ci-rani.

13/ Kafin la'asar ƙofar gidanta ta cika. Aka ce ta fito ta tsallake yaron ta sakar masa kurwa. Ku duba fa: in ta ƙi, muguwa ce, so take ta cinye shi. In ta yarda, ta amsa ke nan. Tana kuka tana rantsuwa, a ƙarshe ta tsallake.

14/ Washegari kawunsa ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Ya sha allurai ya warke. Mutanen unguwa suka ce kun gani ko, ta sake shi. Da ya mutu da sun ce ta cinye. Ko ta ina ba ta da mafita.

15/ Ba wanda ya kashe ta. Amma daddawarta ta daina saye, mata suka riƙa janye yaransu in ta doso, jikarta ma maganar aurenta ta watse. Ni kaina ina cikin yaran da ke bin ta muna kurwata kur. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

16/ Kuma ba a ƙauye kaɗai ba. Ku tambayi iyayenku labarin Sumbuka. Wajajen 1995 'yan mata da yawa a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna fizge-fizge, aka ce aljanu ne, ruƙiyya ta yi tashe. Tsoro yana yaɗuwa a taro kamar mura.

17/ Ban zo musun gaibu ba, sihiri da kambun baka duk mun san matsayinsu a addini. Maganata a kan hukunci ce. Ƙa'idar shari'ar Musulunci ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Sambatun mai zazzaɓi ba shaida ba ne a gaban kowane alƙali na gari.

18/ Dokar ƙasa ma haka. Kundin finalkod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa jifan mutum da maita cikin laifuffuka, haka ma tilasta masa gwajin gargajiya don gano mai laifi. Wato a ranar nan, mu da muka taru a ƙofar gidanta mu ne masu laifin.

19/ Me ya sa Miller ya tono labarin shekara 260? A lokacinsa Amurka na farautar 'yan kwaminisanci, zamanin Sanata Joseph McCarthy. A 1956 kwamitin majalisa ya kira shi kansa ya ambaci sunayen wasu. Ya ƙi, aka same shi da laifin raina majalisa, a 1958 aka soke hukuncin.

20/ Salem kuwa ta farka ne a makare. A Oktoban 1692 Gwamna William Phips ya rushe kotun. A 1697 alƙali Samuel Sewall ya nemi gafara a bainar jama'a. A 1706 Ann Putnam, ɗaya daga cikin yaran, ita ma ta nemi yafiya. A 1711 aka amince a biya wasu iyalai diyya.

21/ Wata mai suna Elizabeth Johnson ba a wanke sunanta ba sai 2022, bayan 'yan makarantar sakandare sun yi ta matsa wa majalisar jiharsu. Shekara 329. Tsohuwar ƙauyenmu kuwa ta rasu ban kai ga ce mata Iya ki yafe min ba.

22/ Yau ba sai an taru a ƙofar gida ba. Hoto ɗaya a Facebook, saƙon murya a WhatsApp, an ce wane ɓarawon yara ne, wance mayya ce, kafin magariba mutum dubu sun tura. Mai turawa bai gani ba, wanda ya turo masa ma bai gani ba.

23/ Don haka kafin yatsanka ya danna, tambayi kanka abu biyu. Wa ya gani da idonsa? Kuma in wanda ake zargin bai yi ba, akwai wata hanya da aka bar masa ya nuna haka? In babu, to ba bincike ake ba, an riga an yanke hukunci.

24/ In kun taɓa ganin irin wannan a garinku, ku ba mu labari a ƙasa, amma don Allah ban da sunan kowa. Allah Ya jiƙan Iya mai daddawa, Ya yafe mana.