Afrika Shrine: Gidan kiɗan Fela da ke Ikeja

Duk wanda ya kwana biyu a Legas, musamman mu mazauna Agege da Ogba, ya taɓa jin ana cewa "Shrine". Da yawa daga cikin mutanenmu da sun ji sunan sai su ɗauka gidan tsafi ne kawai, su kama gabansu. To, ga bayanin wurin yadda yake.

New Afrika Shrine babban ɗakin kiɗa ne a unguwar Agidingbi da ke Ikeja, kusa da sakatariyar gwamnatin jiha ta Alausa. 'Ya'yan marigayi Fela Anikulapo Kuti, wato Femi da yayarsa Yeni, su suka buɗe shi a shekarar 2000. An ce masa "sabo" ne saboda na asali na mahaifinsu ne.

An haifi Fela a Abeokuta ranar 15 ga Oktoba, 1938. Ya yi karatun kiɗa a Landan, amma tafiyar da ta sauya masa tunani ita ce wadda ya yi zuwa Amurka a 1969. A birnin Los Angeles ya haɗu da wata mata mai suna Sandra, ita ta nuna masa rubuce-rubucen Malcolm X da gwagwarmayar baƙar fatar Amurka. Da ya dawo gida sai ya daina waƙoƙin soyayya da na nishaɗi, ya koma kan zalunci da cin hanci da raina baƙar fata. Shi da maɗakinsa Tony Allen suka haɗa kiɗan highlife da jazz da gangunan Yarbawa, aka samu abin da ake kira Afrobeat. Da turancin buroka yake waƙa, don ɗan dako da direban molue su gane.

Gidansa na lamba 14 a titin Agege Motor Road, wajen Idi-Oro a Mushin, shi ya raɗa wa suna Jamhuriyar Kalakuta, ya ce ƙasa ce mai cin gashin kanta. Shrine na farko yana nan kusa, a otal ɗin Empire. Yankin ne ake kira Moshalashi, kalmar da Yarbawa suka aro daga "masallaci" namu.

Shekarar 1977 ita ce ba a mantawa. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu Nijeriya ta karɓi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu. Dalilinsa aka gina unguwar Festac, babban ɗakin wasanni na Iganmu ne cibiyar taron, a Kaduna kuma aka yi gagarumin hawan daba, sarakunan Arewa suka fito da dawakai. Fela ya ƙi shiga, ya ce almubazzaranci ne. Ya ci gaba da nasa wasan a Shrine kowane dare, baƙin da suka zo biki, har da Stevie Wonder, suka riƙa zuwa wurinsa. Ga kuma waƙarsa Zombie da ta riga ta ɓata wa sojoji rai. Ranar 18 ga Fabrairu, kwana 6 da gama biki, sojoji kusan 1,000 suka kewaye Kalakuta, suka lakaɗa wa mutanen gidan duka, suka cinna masa wuta. Mahaifiyarsa Funmilayo, tsohuwar 'yar gwagwarmayar mata, ta taga aka wurgo ta, ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin bincike ya ce wai sojan da ba a san ko wane ne ba ya yi aikin. A 1984 kuma aka ɗaure Fela kan batun kuɗin ƙasar waje, aka sake shi a 1986. Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997. Kabarinsa yana gidansa na titin Gbemisola a Ikeja, wanda aka mayar gidan tarihi a 2012.

Ba kiɗa kaɗai ya fito daga wannan da'ira ba. Lemi Ghariokwu, mai zanen bangon faifan Fela, ya yi suna a duniya da zanensa mai cike da habaici. Mawaƙan yanzu ma daga nan suka sha: kakan Burna Boy na wajen uwa, Benson Idonije, shi ne manajan Fela na farko. Amma a lura, Afrobeat na Fela daban, Afrobeats na su Wizkid da Davido daban. Harafi ɗaya ya raba su a rubuce, a kunne kuwa tazarar da yawa.

Kowane Oktoba, a makon haihuwar Fela, ana yin bikin Felabration da Yeni ta fara a 1998. Masu suya da 'yan canji na kusa sun san makon, don ciniki yakan buɗe har asuba. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ma ya je wurin a Yulin 2018.

Maganar gaskiya, wurin ba na kowa ba ne. Ana shan giya, warin wiwi kuma tun daga waje yake tarar mutum. Shi kansa Fela yakan tsaya a tsakiyar wasa ya yi tsiyaye-tsiyayen gargajiya ga kakanni, ya kuma sha sukar Musulunci da Kiristanci a waƙoƙinsa, don haka masu ƙyamar sunan suna da hujjarsu. Babana da ya shekara yana kai shanu mayankar Oko-Oba bai taɓa taka ƙofar ba, amma in ana hirar kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya daga Arewa zuwa Legas, yakan ce ai mutumin nan ya faɗa tun tuni.