Daga rediyon feda zuwa allon waya: tarihin jinyar gaɓoɓi daga nesa

Tun asali, jinyar ciwon tsoka da gaɓoɓi aikin hannu ce: tausa, gashi da miƙar da gaɓa. To, yaya aka yi sana'ar da ta dogara ga taɓawa ta kai ga duba majinyaci daga nesa? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin jihar Kwinsland ta ƙasar Ostaraliya, inda tsakanin makiyayi da asibiti kan kai ɗaruruwan kilomita.

A shekarar 1928, wani malamin addinin Kirista, John Flynn, ya kafa ƙungiyar likitoci masu zuwa da jirgin sama a garin Cloncurry. A 1929 Alfred Traeger ya samar da rediyon da ake ba wuta da feda irin ta keke. Daga nan mazauna daji suka samu hanyar kai kukansu ga likita.

Amma masu gashin ƙashi sun daɗe ba su ci moriyar wannan hanya ba, domin murya ba ta nuna yadda gwiwa ke lanƙwasa. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, bincike ya nuna cewa a ciwon baya mai daɗewa da amosanin gwiwa, motsin da majinyaci ke yi da kansa shi ne ginshiƙin magani. Na biyu, intanet ta kawo hoto mai motsi, likita ya samu ido.

A 2011, Trevor Russell da abokan aikinsa na Jami'ar Kwinsland suka fitar da sakamakon gwaji kan mutum 65 da aka sauya wa gaɓar gwiwa. An yi makonni 6 ana horar da wasu a asibiti, wasu ta allo, kuma sauƙin da waɗanda aka horar ta allo suka samu bai gaza na sauran ba. Da annobar korona ta tsare mutane a gida a watan Maris na 2020, asusun lafiya na gwamnatin ƙasar ya fara biyan kuɗin irin wannan ganawa.

Duk da haka, allo bai gaji hannu ba. Karaya, da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, sai an taɓa. Wanda kuma ba ya da wuta ko layi mai ƙarfi, har yanzu yana inda makiyayin Kwinsland yake kafin 1929.