Makunnin Zaren Manne a Ƙwayar Kwalara: Martani ga Masu Ƙirga Gado

Bayan annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, wani ra'ayi ya yi ƙarfi tsakanin abokan aikinmu: da zarar gwaji ya nuna ƙwayar gadon tcpA a ruwan rijiya, an gama magana, ruwan nan makashi ne. A ganina an yi gaggawa.

Kowa ya san aikin Taylor na 1987 da gwajin Herrington na 1988: in babu zaren manne na TCP, wanda ake ginawa daga gadon tcpA, ƙwayar Vibrio cholerae ba ta iya zama a hanjin mutum. Inda muka rabu shi ne yaushe zaren ke tsirowa. A kududdufai, irin waɗanda mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan gefen dajin Kamuku ke sha, wani zare daban, MSHA, ƙwayar ke maƙalewa da shi. Sai ta shiga hanji sannan furotin ɗinta ToxR da TcpP su tayar da ToxT, shi kuma ya kunna TCP da dafin kwalara, ya kashe MSHA (Hsiao, 2006). In ƙwayoyin suka cika hanji, sai wani furotin, HapR, ya rufe makunnin, su saki, su fita da gudawa.

Mai jayayya zai ce: ai gadon yana nan, kuma duk wanda ya sha ruwan yana da hanji, to me ya rage? Hujjarsa tana da nauyi, kuma ba mai cewa a bar jama'ar Birnin Gwari, inda dajin yake, su sha ruwan. Amma samun gado ba ya nuna ƙwayar tana da rai, balle halin da take ciki. Merrell ya nuna a 2002 cewa wadda ta fito daga majinyaci ta fi ta ɗakin gwaji saurin kamawa nesa ba kusa ba.

Gaskiya ne, yawancin hujjojin nan daga jariran ɓeraye suka fito, don haka iyakar abin da zan tsaya a kai ke nan: wajibi ne rahotanninmu su bambanta samuwar gado da kunnuwarsa. Inda sinadarin kulorin ya yi ƙaranci kuwa, mai yiwuwa ne, bisa binciken Merrell, bokitin majinyaci da tabarmarsa su cancanci kason farko.