Daga Majigin Ƙofar Fada Zuwa PowerPoint

A ɗakunan taro na otal-otal ɗin Barnawa, inda kamfanoni da ƙungiyoyi kan shirya bita, na'urar da ke haska bayani a bango har yau majigi ake ce mata. Kalmar ta girmi kusan duk wanda ke zaune a ɗakin. Asalinta sunan Ingilishi ne na wata fitila mai haska hotunan gilashi a jikin bango, wadda Turawa ke kira fitilar sihiri tun ƙarni na 17. Bahaushe ya ɗauki rabin sunan, ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. Kalmar ta zauna, amma dabarar da ta zo tare da ita ta kuɓuce mana, shi ya sa mai neman kwangila ko jari kan cika bango da rubutu, ya juya wa jama'a baya yana karanta musu abin da idanunsu suka riga suka gama karantawa.

Majigin zamanin Turawa mota ce mai ɗauke da janareta, da na'urar haska fim, da farin ƙyalle, da lasifika. Takan isa gari da rana, a kafa ƙyallen a fili, galibi a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, bayan faɗuwar rana gari ya hallara kyauta. Ana nuna tsabta, da rigakafi, da noman auduga da gyaɗa. Zamanin Sardauna, Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin daga Kaduna, ta ƙara da labaran ayyukan raya ƙasa, a shekarun da masaƙu suka fara tashi a Kakuri, maƙwabciyar Barnawa, tun daga Kaduna Textiles a 1957. Jigon shirin shi ne mai sharhi, wanda ke riƙe da makirufo yana bayyana abin da ake gani da Hausa. Aikin ya rabu biyu: ƙyalle ya nuna, baki ya yi bayani. Babu wanda ya yi tunanin rubuta jawabin mai sharhi a jikin ƙyallen.

Wanda ya tsara ƙa'idojin waɗannan finafinai shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas, aka kuma ɗora shi kan sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya da aka kafa a 1939. Ƙa'idojinsa sun haɗa da cewa kyamara ta tsaya wuri ɗaya, kowane hoto ya daɗe har ido ya ƙoshi, a kuma kawar da duk abin da ba ya cikin saƙon. Hujjarsa cike take da raini, domin a ganinsa ɗan Afirka bai iya kallon fim ba. Jami'an wancan zamani sun daɗe suna yawo da labarin wasu 'yan kallo da aka nuna wa fim ɗin tsabta, da aka tambaye su abin da suka gani suka ce kaza, wadda ta gifta ta gefen hoton na ɗan lokaci. Sun ɗauki labarin shaidar ƙauyanci. A ganina, ko da ya faru yadda suka faɗa, abin da ya nuna ya shafi kowa: ido yana bin abin da ya motsa, kuma duk abin da aka bari a hoto ba da dalili ba sai ya ci rabonsa na hankalin mai kallo. Tambarin kamfani a kowace kusurwa, da haruffa masu shigowa suna tsalle, duk kaji ne.

PowerPoint ya fito ne a 1987, daga wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Forethought, aikin Robert Gaskins da Dennis Austin. A shekarar Microsoft ya saye kamfanin kan dala miliyan 14. Fitowarsa ta farko baƙi da fari ce, don a buga shafuka a kan farar leda a ɗora su kan majigin ofis. Kafin nan, haɗa irin waɗannan shafuka aikin mai zane ne, kuma kowane shafi kuɗi ne, don haka mai jawabi kan auna abin da ya cancanci a haska. Da shafi ya zama kyauta, awon ya tafi, rahoto gaba ɗayansa ya hau bango.

Misalin da ya fi nauyi ya fito ne daga mutanen da ba wanda zai kira jahilai. Ranar 16 ga Janairu 2003, wani ɓallin soso ya ɓalle ya daki fiffiken hagu na kumbon Columbia jim kaɗan bayan tashinsa. Kumbon na sararin samaniya, injiniyoyin Boeing suka gabatar wa shugabannin NASA nazarinsu a shafukan PowerPoint. Kanun ɗaya daga cikin shafukan mai kwantar da hankali ne. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka ambaci cewa ɓallin da ya daki kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640, wato gwajin bai ce komai ba game da abin da ya faru. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Edward Tufte na Jami'ar Yel ya warware shafin layi-layi, kwamitin bincike kuma ya soki yadda hukumar ta maye gurbin rahoton fasaha da shafukan majigi. Shafin bai kashe kowa shi kaɗai ba, amma ya binne magana mafi muhimmanci a inda ido ba ya kaiwa.

A wajenmu akwai ƙarin dalilin cunkoson. Da an tashi daga taro, abin da mahalarta ke nema shi ne a tura musu shafukan ta WhatsApp, wasu ma tun ana magana suke ɗaga waya suna ɗaukar hoton bango. Mai jawabi ya san shafinsa zai yi tafiya ba tare da shi ba, zuwa teburin darakta ko babban sakataren da bai halarta ba, sai ya ɗura masa duk abin da zai faɗa da baki. Shafi ɗaya ake so ya zama hoto ga wanda ke ɗaki, ya kuma zama takarda ga wanda ba ya nan, shi ya sa yakan gaza a duka biyun.

Kamfanin Amazon ya yanke wannan ƙulli a 2004, lokacin da Jeff Bezos ya hana PowerPoint a tarukan manyan jami'ansa. Akan rubuta cikakken bayani, wanda daga baya aka tsayar a shafi shida, kowa ya karanta shiru kafin a buɗe baki. Ɗan kasuwar da zai tsaya gaban masu jari a Kaduna ba ya buƙatar kaiwa nan. Ya isa ya shirya abu biyu: takardar da za a tura ta waya mai ɗauke da dukkan lissafi, da shafukan bango waɗanda kowannensu ke da jadawali ko hoto ɗaya, da kanu mai faɗin hukuncin kai tsaye, kamar "Kuɗin dizal ya cinye ribar wata uku" a maimakon "Bayanin kashe kuɗi". Sauran maganar ta mai sharhi ce, kuma shi ne ke riƙe da makirufo.