Sauya Tsarin Hoto Don Intanet

Sauya tsarin hoto shi ne mayar da fayil ɗin hoto daga wani nau'i zuwa wani, misali daga PNG zuwa JPEG, domin ya rage nauyi ko kuma ya dace da abin da shafin intanet ke karɓa. Tun farko abin da masana ke nema ɗaya ne, wato hoto ya yi sauƙin aikawa ba tare da ya dusashe ba.

Asali

Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da GIF a 1987, zamanin da layin tarho ke ɗauko bayanai a hankali. Launi 256 kaɗai yake ɗauka, don haka ya fi dacewa da zane. A 1992 aka amince da JPEG, wanda ke yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas a kowane gefe, ya zubar da abin da ido ba ya lura da shi. Abin da ya zubar ba ya dawowa, shi ya sa hoton da aka yi ta adanawa a wannan tsari yake ƙara dishi-dishi.

A ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys zai karɓi kuɗi a kan dabarar matse bayanai da GIF ke amfani da ita. Wannan ya fusata masu rubuta manhaja, suka haɗa kai suka samar da PNG kyauta, aka tabbatar da shi a 1996. Shi ba ya zubar da komai, amma ya fi JPEG nauyi. Daga baya Google ya kawo WebP a 2010, wayoyin iPhone suka koma HEIC a 2017, AVIF kuma ya fito a 2019.

A Kudancin Kaduna

A Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 tana cikin waɗanda suka fara kai intanet ga mutanen karkara. Daga cibiyarta da ke Bayan Loco ta jawo sabis ta tauraron ɗan'adam, sannan ta raba shi ta wata hanyar sadarwa mai suna ZittNet. A lokacin irin wannan layi yana da tsada, ga shi mutane da yawa ke rabawa, saboda haka hoto ɗaya mai nauyi kan tsayar da aikin kowa.

Da rajistar jarrabawar JAMB, WAEC da NECO ta koma intanet, sai aikin sauya tsarin hoto ya shiga rayuwar kowane ɗalibi, daga Kafanchan har Kauru. A lokacin ɗalibi kan kawo hoton fasfo, mai shagon intanet ya ɗora shi a sikana, ya datse gefe, ya mayar da shi JPEG, ya yi ta rage shi har shafin ya karɓa. In ya matse da yawa fuska ta ɓaci, in ya bari da nauyi a dawo masa da shi.

Halin Da Ake Ciki

Yau WhatsApp da Facebook suna matse hoto da kansu, wayar hannu ma tana iya sauya shi. Duk da haka sanin bambancin yana da amfani: JPEG ko WebP don hoton kyamara, PNG don tambari da rubutu, a kuma adana na asali kafin a taɓa shi. Mai gina shafin da bai rage nauyin hotunansa ba, datar talaka yake cinyewa, kuma mutanen ƙauyukan da sabis ke da rauni su ne farkon waɗanda zai rasa.