Ƙarfafa Takardar Neman Horon Ƙwarewa a Tiyatar Ƙashi: Nazarin Tsarin Amurka Bayan 2022

Tsakure

Maƙalar ta duba sauyin da aka samu wajen neman gurbin horon tiyatar ƙashi a Amurka tun daga 2022, bisa alƙaluman hukumar NRMP mai raba guraben horo da ƙa'idojin jarrabawar lasisin likitanci ta USMLE. Matsayin marubuci shi ne, shaidar likitocin da suka ga ɗalibi a bakin aiki ta fi tarin takardu ƙarfi.

Gabatarwa

Horon tiyatar ƙashi a Amurka na shekara 5 ne, ƙofarsa kuma matsattsiya ce. A 2022 gurabe 875 aka buɗe, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban ajin ƙarshe da suka fifita fannin ba su samu ba. Da can makin matakin farko na USMLE shi ne rariyar tace masu nema. Daga 26 ga Janairun 2022 aka daina bayar da maki a wannan mataki, sai dai a ce an ci ko an faɗi. Nan take idanu suka koma kan mataki na biyu, don haka ya kamata ɗalibi ya rubuta shi da wuri, sakamakon ya fito kafin a fara duba takardu a watan Satumba.

Bincike: yawa ko inganci

Rahoton NRMP na 2022 ya nuna waɗanda suka samu gurbi suna da matsakaicin ayyukan bincike 16.5, idan aka haɗa maƙalu da tsakure da gabatarwa a taruka. Wannan adadi ya tsorata ɗalibai, har wasu kan jingine karatu shekara guda don bincike kawai. Amma lissafin yana ruɗarwa, domin aiki ɗaya da aka gabatar a taruka uku yana iya shiga sau uku. A zauren ganawa kuwa, tambaya kan zo ne a kan aiki guda: me ya sa ka zaɓi waɗannan majinyata, ina raunin hanyarka? Wanda ya bi fayilolin masu karayar ƙugu da kansa, tun daga tattarawa har bugawa, zai amsa ba inda-inda. Wanda aka liƙa sunansa kurum, nan asirinsa zai tonu.

Zaman baƙunta da takardar shaida

Nan ne abin yake. A shekara ta huɗu ta makarantar likitanci ɗalibi kan je wani asibiti ya yi mako huɗu yana aiki tare da likitocinsa, kuma kowace rana tamkar jarrabawa ce. Ana lura da wanda ya riga kowa zuwa zagayen asuba, wanda ya riƙe ƙafar majinyaci cikin dare ana naɗa filasta bai ƙosa ba, wanda aka miƙa wa hoton ƙashi ya faɗi inda karayar take da yadda ta goce. Ana kuma lura da yadda ɗalibi yake magana da ma'aikatan jinya, su ma ana jin ta bakinsu. Takardar shaida mai tsari ɗaya da fannin ke amfani da ita tana neman malami ya auna ɗalibi da tsaransa, abin da ba zai yiwu ba sai an yi zama tare. Abin damuwa shi ne tsadar tafiya da masauki, wadda ke danne ɗan talaka da wanda makarantarsa ba ta da sashen horon ƙashi. Irin waɗannan su nemi jagora tun shekarar farko ta hanyar ƙungiyoyi kamar Nth Dimensions, ko ƙungiyar Ruth Jackson da ke tallafa wa mata.

Alamun zaɓi

Tun kakar 2022 zuwa 2023 ake ba kowane mai nema alama 30 ya aika wa asibitocin da ya fi so. Samun gayyatar ganawa daga inda ba a aika alama ba yana da wuya ƙwarai. Saboda haka kuskure ne a zuba su duka kan manyan asibitoci masu suna. A zauna da jagora a raba su gwargwadon maki, yankin da ɗalibi ya fito, da inda ya yi baƙunta.